Cin Zali a Makaranta: Ciwon da Ke Bin Yaro Har Furfura

Yaro ɗan aji ɗaya a makarantar kwana ya dawo hutu a rame. Siniya ya ƙwace masa garin kwaki da sukarinsa, ya tara masa wanki har dare, ranar da ya makara da ruwan wanka kuma aka durƙusar da shi kan tsakuwa. Idan ya buɗe baki a gida, amsar da ya fi samu ita ce, "Ai mu ma haka aka yi mana." Ana ɗaukar abin horo ne. Cin zali ne tsantsa.

Masanin halayyar ɗan Adam Dan Olweus, wanda ya yi aikinsa a ƙasar Norway, ya bambanta shi da faɗan sa'anni: da gangan ake yi, ana maimaitawa, kuma wanda ake yi wa ba shi da ƙarfin ramawa. Ba sai da bugu ba. Sunan tsokana saboda in'ina, talauci ko launin fatar zabiya, da ware yaro daga wasa, duk suna ciki.

Abin da ya fi tayar min da hankali ya fito ne daga Birtaniya. An bi rayuwar yaran da aka haifa cikin mako guda a 1958, aka tambayi iyayensu ko ana cin zalinsu suna shekara 7 da 11. A 2014 masana a King's College ta Landan suka duba sakamakon mutum fiye da 7,000. Waɗanda aka addaba a yarinta sun fi fama da ciwon damuwa, fargaba da tunanin kashe kai. Har a shekara 50 lafiyarsu ta fi rauni, karatunsu bai yi nisa ba, da yawa kuma ba su da abokin zama ko wanda za su jingina da shi.

Akwai magani. Bayan yara uku da ake cin zalinsu sun kashe kansu a Norway a 1982, gwamnati ta tashi tsaye a 1983. A makarantun birnin Bergen, tsarin Olweus na kafa dokoki bayyanannu, sa ido lokacin tara da zama da iyaye ya rage cin zali da kusan rabi.

Shugabannin makarantunmu, ku sa malami ya riƙa zagaya ɗakunan kwana da dare, ku daina barin ƙananan yara a hannun siniyoyi kaɗai.