Soyayyar intanet da ɗan wata ƙasa: abin da ya kamata a bincika kafin haɗuwar farko

A fadojin matasa na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, ba sabon labari ba ne a ji cewa wance ta samu saurayi Baturke a Facebook, ko wane da ke karatu a Faransa zai auri Baturiyar da suka haɗu a manhajar neman aure. Wasu daga cikin irin waɗannan haɗuwa sun kai ga aure har da ƴaƴa. Wasu kuma sun ƙare da asarar kuɗi, ko barazanar watsa hotuna, ko auren da bai kai shekara ba.

Lamarin ya zama ruwan dare a duniya. Wani bincike da Michael Rosenfeld na jami'ar Stanford ya jagoranta ya nuna cewa a 2017, kashi 39 cikin 100 na maza da matan da suka ƙulla soyayya a Amurka ta intanet suka haɗu. Cibiyar bincike ta Pew kuma ta ce a 2015, kashi 17 cikin 100 na sababbin ma'aurata a ƙasar sun auri wanda ba jinsinsu ɗaya ba, alhali a 1967, shekarar da kotun ƙoli ta soke dokokin da suka haramta aure tsakanin baƙi da fari, kashi 3 ne kacal. Ga ƴan Nijar, ci-rani a Aljeriya da Libiya, da karatu a Maroko, Turkiyya, Sin ko Turai, sun ƙara buɗe wannan ƙofa.

Binciken da intanet ta tsallake

A al'adarmu, kafin a karɓi kuɗin gaisuwa, iyaye sukan tura a binciko asalin mai nema, sana'arsa, halinsa, da yadda ya rabu da matarsa ta baya idan ya taɓa aure. Unguwa ce ke ba da shaida. Wanda aka haɗu da shi a waya ba shi da unguwar da za a tambaya, don haka nauyin binciken ya koma kan masoyan kansu, a daidai lokacin da zuciya ba ta son jin aibu.

Ƴan damfara sun san wannan. Hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta ce a 2022 kusan mutum dubu 70 suka kai ƙorafin damfarar soyayya, kuma asarar ta kai dala biliyan 1.3. Salon bai cika canzawa ba: mutum ya ce shi soja ne, likita ko injiniyan man fetur a wata ƙasa mai nisa, ya fara maganar aure cikin sati guda, kullum da dalilin da zai hana shi kiran bidiyo, sannan wata rana ya ce ya aiko kyauta ta maƙale a kwastan, sai an biya jikka hamsin ko ɗari.

Matakan kariya ba su da tsada. A saka hotonsa a Google Lens a ga ko na wani ne aka sata. A yi kiran bidiyo sau da yawa, a lokuta dabam-dabam, ba tare da an sa rana ba, domin ƙirƙirarriyar basira ta sa ana iya kwaikwayon fuska da murya. A nemi gaisawa da mahaifiyarsa, ƴar uwarsa ko abokin aikinsa. Idan akwai ɗan Nijar a garin da ya ce yana zaune, ɗalibi ko ɗan kasuwa, a roƙe shi ya je ya gan shi. Kada a tura kuɗi, hoton fasfo ko hoton tsiraici ga wanda ba a taɓa gani ido da ido ba. Wanda aka yi wa barazana da hotunansa ya adana saƙonnin ya kai wa ƴan sanda ko jandarma. Nijar tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun watan Yulin 2019, kuma biyan kuɗin farko ba ya hana a nemi na biyu.

Ranar haɗuwa

Gani ya kori ji. Ko hukumomin Amurka ba sa ba da bizar wanda aka yi wa baiko, wadda ake kira K-1, sai masoyan sun nuna cewa sun haɗu ido da ido cikin shekaru biyu kafin shigar da takardu, in ban da wasu ƴan uzurori.

Haɗuwar farko ta kasance da rana, a wurin da jama'a ke kai-komo, kamar gidan abinci ko harabar jami'a. Ga budurwa, mafi alheri shi ne a gidan iyayenta, ko kuma ta tafi da yayanta ko wata babbar ƴar uwa. Ɗakin otel da gidan da baƙon ya kama haya ba wurin haɗuwar farko ba ne. Kowa ya zo da abin hawansa da kuɗin komawarsa, a kuma sanar da wani a gida wurin da lokacin. Manhajar Muzz ta Musulmi, wadda Shahzad Younas ya kafa a Ingila, ta ba da damar saka waliyyi ya riƙa ganin hirar. Wanda ya ƙi yarda da shigowar dangi tun a wannan mataki ya riga ya ba da amsa.

Hatsari mafi girma shi ne a ce budurwa ta tsallaka wata ƙasa ita kaɗai da tikitin da saurayi ya biya. Alkawarin aure ko na aiki yana cikin dabarun masu safarar mutane, laifin da dokar Nijar ta Disamban 2010 ta tanadi hukunci a kansa. Idan da gaske yake, shi ya fara zuwa. Idan tafiyar ta zama dole, fasfo ya zauna a hannun mai shi, da tikitin dawowa, da lambar ofishin jakadancin Nijar mafi kusa.

A lura da yadda yake magana da mai kawo abinci da direban tasi, da yadda yake ambaton baƙaƙen fata in ya saki jiki. Mai yawan cewa ya daɗe yana mafarkin samun ƴar Afirka, ko mai cewa ke dabam ce da sauran mutanenku, ya cancanci a sake dubansa da kyau. Haka ma saurayin da bai ga komai a Baturiya ba sai takardar zama.

Tambayoyin da ke raba aure

Launin fata shi ne abin da mutane ke fara gani, amma abubuwan da ke jijjiga irin wannan aure sun fi yawa a cikin gida. Na farko addini. Malamai sun yi ittifaƙi cewa Musulma ba ta auren wanda ba Musulmi ba, namiji kuma an halatta masa Kirista ko Bayahudiya mai kamun kai. Musuluntar da aka yi don ɗaurin aure kawai takan dawo da rigima ranar suna, ko watan azumi, ko lokacin sa yaro makaranta.

Na biyu kuɗi da dangi. Ɗan Nijar da ke waje yakan aiko wa iyaye kuɗin hatsi, na Sallah da na asibiti kowane wata, kuma ƙane ko ɗan ƙauyensu na iya sauka a gidansa ya yi watanni. A gidaje da yawa na Turai, albashin miji da mata lissafi ɗaya ne, baƙo kuma sai da sanarwa. Wanda bai faɗi wannan tun farko ba zai faɗe shi cikin faɗa.

Na uku, maganar ƙarin aure. Faransa, Beljiyam da Amurka ba su yarda a ɗaura aure na biyu alhali na farko yana nan ba. Mai mata a gida da ya ɓoye ta ya jefa kansa cikin matsalar shari'a, ya kuma zalunci mata biyu.

Sai dangin ɗaya ɓangaren. A tambaya ƙarara: iyayenka sun san ni baƙar fata ce? Me suka ce? Wariyar launi ba a Turai kaɗai take ba; Tunisiya sai da ta kafa dokar hukunta ta a 2018. Mu ma a nan, amarya Baturiya ko ƴar Sin takan sha kallo da tsegumi, kuma aikin mijinta ne ya tsaya mata a gaban danginsa. A kuma yanke tun wuri a wace ƙasa za a zauna, da wane harshe za a yi wa yara magana, don kada jikoki su kasa gaida kakarsu da Hausa.

Takardu da asibiti

Auren da aka ɗaura a masallaci ko a ƙofar gida, da waliyyi, sadaki da shaidu, ya inganta a addini, amma ofisoshin jakadanci takardar magajin gari suke nema. A Faransa doka ta ce auren magajin gari ne ke gaba da na addini, kuma wanda ya auri ɗan ƙasar sai ya cika shekaru huɗu da aure kafin ya nemi zama ɗan ƙasa. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai yana rufe tun farkon 2024, abin da ke sa masu neman takardu bin wasu ƙasashe, da ƙarin kuɗi da jira. A ɓangaren Nijar, gyaran dokar 2014 ya bai wa mace damar ba mijinta baƙo takardar ɗan ƙasa, ya kuma amince da riƙe ƙasa biyu.

Gwajin jini ma bai faɗi ba don ɗayan fari ne. Ana samun ƙwayar amosanin jini a tsakanin Larabawa, Indiyawa da mutanen gaɓar Bahar Rum, kuma idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haifar mai cutar. A Yamai akwai cibiyar ƙasa mai kula da wannan cuta, manyan asibitocin jihohi ma suna gwajin. A haɗa da na ƙanjamau da ciwon hanta, kowa ya ga sakamakon ɗan uwansa da idonsa, kafin iyaye su sa rana.