Yadda ake gane tsohon takalmin fata na asali

Baƙin da ke zuwa kallon kayan tarihi a Gidan Ɗan Hausa da ke unguwar Nassarawa GRA a Kano, kan yi sha'awar sayen tsofaffin takalman dukawa a cikin gari.

Sai dai ba kowane takalmi mai kama da tsoho ne na asali ba, kuma mai saye kan iya yin asarar kuɗinsa.

Dukanci dai tsohuwar sana'a ce a Kano. Heinrich Barth, Bajamushen da ya ziyarci birnin a 1851, ya ƙiyasta cinikin takalmansa da wuri miliyan 10 a shekara.

Abin dubawa na farko shi ne fatar. Wadda aka jeme da bagaruwa tana da ƙananan ramukan gashi, bayanta kuma da kaushi. Ta roba kuwa, yadi ake mannawa a bayanta.

Sai launi. Jan karan dafi yakan ƙara duhu idan ya tsufa, ba ya ɓarewa kamar fenti.

Ɗinkin hannu ba ya tafiya daidai kamar na keke.

Lambar ƙafa, ko tambarin kamfani, ko gam mai yawa, alamu ne na aikin zamani.