Kwamfutoci da Yawa a Cikin Kwamfuta Ɗaya

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Dutse ta zama matattarar ma'aikatu, a 2011 kuma ta sami jami'ar tarayya. Irin waɗannan wurare suna bukatar babbar kwamfuta da ake kira uwar garke, wato wadda ke adana bayanai, tana kuma yi wa sauran kwamfutoci hidima.

A da, kowane aiki da tasa uwar garken: ɗaya ta albashi, ɗaya ta wasiƙu, ɗaya ta rajistar ɗalibai. Galibin lokaci kowacce ɗan kaɗan take amfani da shi daga ƙarfinta, amma duk da haka tana shan lantarki, tana fitar da zafi. A bazarar Dutse, da zafi kan haura digiri 40, hakan na nufin ƙarin na'urar sanyaya ɗaki da ƙarin man janareto.

Maganin da masana suka samo ya yi kama da gidan haya a unguwar Takur: rufi ɗaya, famfo ɗaya, amma kowane ɗan haya da ɗakinsa da makullinsa. Akan ɗora wa injin guda mai ƙarfi wata manhaja ta rabo, ita kuma ta kasa ƙwaƙwalwarsa da ma'ajiyarsa kashi-kashi. Kowane kaso sai ya zama tamkar kwamfuta mai zaman kanta, da nata tsarin aiki, Windows ko Linux. Idan ta wasiƙu ta cije, ta albashi ba ruwanta.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin IBM na Amurka ya fito da VM/370 a 1972. An kafa VMware a 1998, sannan Jami'ar Kambirij ta Ingila ta fitar da Xen a 2003.

Sai dai akwai haɗari. Idan rufin gidan haya ya faɗi, kowa ya shafa. Haka nan idan injin nan guda ya lalace, albashi da wasiƙu da rajista za su tsaya lokaci ɗaya. Don haka akan tanadi inji biyu ko fiye. Da yake kowace kwamfutar ciki tarin fayiloli ce kawai, ana iya kwafe ta a ajiye, ko a mayar da ita kan ɗaya injin ta ci gaba da aiki. Ma'aikatar da ta yi wannan tanadi ta rage kashe kuɗi, ba tare da ta jefa albashin ma'aikatanta cikin kasada ba.