Abin Da Ke Cinye Boris A Motocin Hayar Gombe

Daga Wakilinmu na Arewa, Gombe

Duk wanda ya taɓa baro Ikko, ko Badun, ko Anacha don zuwa gida Salla ya san ƙarshen tafiya ya fi farkonta wuya. In an sauka Gombe da sauran aiki, sai an nemi ƙaramar mota zuwa Dukku, ko Bajoga, ko Kaltungo, ko Biu. To, cikin waɗannan ƙananan motoci akwai wata cuta wadda ya kamata 'yan'uwanmu mazauna Kurmi su sani tun ba su ɗaure kaya ba, watau mutuwar boris tun da sauran kwanansa.

Ni kaina abin ya ci ni. Mun taso daga Gombe za mu Bauchi, tafiyar da ba ta cika mil 100 ba, sai wani gurnani ya taso daga ƙafar baya. Direba ya ƙara muryar rediyo. Muna dab da Alkaleri ƙauri ya cika mota, ko da muka tsaya hayaƙi na fita daga tsakiyar taya. Direba yana ta rantsuwa wai bai cika wata uku da sa sabon boris ba. Allah ne ya tsare, don in boris ya narke ƙafa tana iya ƙamewa, ko ta fice gaba ɗaya ana cikin gudu.

Shi dai boris zobba biyu ne na ƙarfe, ɗaya cikin ɗaya, da 'yan ƙwallaye a tsakaninsu suna birgima cikin giris. A kansa taya take juyawa, kuma duk nauyin mota da mutane da kaya ta cikinsa yake bi ya sauka ƙasa. In ka tambayi direbobi a Tashar Dukku, jabun kaya za su ɗora wa laifi. Akwai gaskiya a ciki, amma a ganina babban laifin yana ga gyaran da ake wa motocin.

Dubi Peugeot 504, wadda aka fara yi a Faransa cikin 1968. Kamfanin Kaduna, wanda ya soma harhaɗa motoci a 1975, ya yi wajen shekara 30 yana fito da ita, saboda haka ko autarsu yau ta tsufa. Wagon ɗinta mai layi uku mutum bakwai aka yi wa wurin zama. Da ita da Golf da Sharan waɗanda suka gaje ta a tasha, duk hanya ɗaya ake bi da su. Mota na shiga haya sai a kai ta wurin bakanike ya cire sifirin na asali ya sa mai kauri, ko ya cusa roba cikinsa, a kafa kariya bisa rufi, a sa tayoyi masu faɗi. Nan da nan sai ka ga mota ta miƙe, ko an danƙara mata buhunan wake daga Tudun Hatsi bayanta ba ya zama. Mai mota ya yi murna, alhali kuwa boris ɗin nan na jiya shi ne dai a ciki, ba wanda ya sauke masa ko mudu ɗaya. Da can zaman bayan mota shi ke gaya wa direba kaya sun isa, yanzu kuwa an rufe wa mota baki.

Injiniyoyi suna da lissafi a kan wannan. In aka ninka wa boris mai ƙwallaye nauyi biyu, kwanansa ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin takwas yake komawa. Ko rubu'i ɗaya aka ƙara, rabin kwanansa ya tafi. Buhu biyu masu kilo 100 kuwa sun kai nauyin manyan mutane uku.

Taya mai faɗi wadda ta turo waje ita ma tana da nata. Ɗauki bokitin ruwa kusa da jikinka, sa'an nan ka miƙe hannu da shi, ka ji yadda kafaɗa za ta yi. Haka boris yake ji. Sauran kuwa wajen sawa ne. Wani da guduma yake buga shi, ya ji masa rauni tun mota ba ta motsa ba. Wani ya ɗaure noti fiye da kima. Wani ya mai da tsohuwar robar da ke tare ƙura, sai yashin hunturu da ruwan damina su shiga su ɓata giris.

Mu fasinja ma ba mu fita ba. Mu ne muke zuwa da jarkokin manja da huhun goro, mu yi ta roƙon a yi haƙuri a cusa. Mai karatu, in ka ji gurnani yana ƙaruwa da gudu, yana sake murya in an sha kwana, ka ce a tsaya, kada ka ji kunyar direba. A kai hannu kusa da tsakiyar kowace taya. Wadda ta fi 'yan'uwanta zafi nesa, a ɗaga ta da jak a kama sama da ƙasa a girgiza, in tana wasa kada a ci gaba.

Mu dai a ranar sai bayan isha'i yaron mota ya komo daga Bauchi da wani boris. Da guduma aka buga shi, ana haskawa da tocila, aka mai da buhunan duka, muka shiga.