Mai Yin Allura A Gida, Kula Da Tsabta

Jama'a, a ƙauyukanmu akwai masu ciwon suga waɗanda likita ya umurce su su riƙa yi wa kansu allurar insulin a gida kullum. Magani ne mai ceton rai. Amma ku sani fata ita ce ganuwar jiki, allura kuwa huda ta take yi. In ƙwayoyin cuta suka bi tsininta suka shiga, sai wurin ya kumbura ya tara mugunya. Ido ba ya ganin ƙwayoyin nan, ko a hannun da ka ga kamar ba dauɗa.

To, ga abin da za ka yi. Da fari wanke hannunka da sabulu. Jera kayan bisa wankakken faranti, kada bisa tabarma. Goge robar bakin kwalba da auduga mai sifirit, ka bari ta bushe. Sa'an nan ɓare sabuwar allura. Kada ka taɓa tsininta.

Allura ɗaya ta mutum ɗaya ce, sau ɗaya tak. Tafasa ta ba ya mayar da ita sabuwa. Aron allura yana yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau, ko tsakanin miji da mata ne.

Rubuta ranar da ka fara huda kwalba, in ta cika kwana 28 ka nemi sabuwa. Ajiye ta wurin sanyi, gindin randa, kada cikin ruwan. Tsofaffin allurai kuwa tara su cikin gwangwani mai murfi, nesa da yara, ka kai asibiti.

In wurin allura ya yi ja da zafi, ko zazzaɓi ya taso, tafi asibiti ran nan, kada ka jira gobe.