Koyon Gangunan Hannu a Afirka da Kuba: Matsayin Baki da Karin Sauti

Gabatarwa

Gangar hannu ita ce wadda ake kaɗawa da tafi ko da yatsu, ba tare da gula ba. Daga cikin irinta akwai jembe ta ƙasashen Mande, da bata ta Yarabawa wadda ta ƙetare teku zuwa Kuba, da konga wadda aka haifa a Kuba ɗin, sa'an nan kotso da taushi na ƙasar Hausa. Manufar wannan bayani ita ce a nuna cewa a waɗannan wurare mai koyo yakan riƙe kiɗa da baki kafin ya sauke shi bisa fata, kuma wannan kiɗan baki abu ne da ake iya rubutawa, muddin an kiyaye karin sauti da tsawon wasali.

1. Jembe da sautukanta uku

Jembe ganga ce ta Malinke da Bambara, a Gine da Mali da maƙwabtansu. Daga gungume guda ake sassaƙa ta, siffarta kamar turmi, a rufe baki ɗaya da fatar akuya. Sautuka uku ne tushen kiɗanta. Idan aka sauke tafi duka a tsakiyar fata, sai a sami sauti mai zurfi. Idan aka buga gefe da yatsu a haɗe, sai a sami matsakaici. Idan kuwa aka saki yatsu aka mari gefen, sai sauti mai kaifi ya fito. Mai koyo ba ya fara jagorancin kiɗa. Yakan daɗe yana maimaita gajeren kiɗan rakiya a bayan babban makaɗi, har kunnensa ya san inda kowane bugu yake faɗawa.

Ƙungiyar Les Ballets Africains, wadda Fodéba Keïta ya kafa a Faris, ta zama ƙungiyar ƙasar Gine bayan samun ƴancin kai a 1958, kuma ita ta fitar da jembe zuwa manyan dandamalin duniya. A 1991 Mamady Keïta ya buɗe makarantar Tam Tam Mandingue a Burusel. Da kiɗan ya bar ƙauye ya shiga aji, sai malamai suka buƙaci hanyar koyar da baƙi waɗanda ba su tashi cikinsa ba.

Hanyar da ta fi bazuwa ita ce ta Babatunde Olatunji, Bayaraben da ya zauna a Amurka, ya rasu a 2003. Ya ba kowane bugu gaɓa guda: gun da dun ga sauti mai zurfi, go da do ga matsakaici, pa da ta ga mai kaifi. Wasali ne yake nuna irin sauti, baƙi kuma yana nuna hannu, domin gun, go, pa na dama ne, dun, do, ta na hagu. Wato gaɓoɓi shida sun wadatar a faɗi kiɗa, kuma duk abin da aka faɗa ana iya rubuta shi da haruffan boko.

2. Bata daga ƙasar Yarabawa zuwa Kuba

Bata ganga ce mai baki biyu, ɗaya babba ɗaya ƙarami, wadda take da alaƙa da bautar Shango. A ƙasar Yarabawa kiɗa gado ne, kuma ƴaƴan gidan makaɗa sukan ɗauki sunaye masu farawa da Ayan. Makaɗan bata suna da wani zaurance nasu da ake kira ena, wanda suke juya maganar Yarabanci zuwa gaɓoɓin da suka dace da bugun ganga. Amanda Villepastour ta yi cikakken bayaninsa a littafinta na 2010.

Cinikin bayi ne ya kai Yarabawa Kuba, inda ba a soke bauta ba sai a 1886. A can bata ta zama ganguna uku: iya, wato uwa, da itotele, da okonkolo wadda ita ce ƙarama. Makaɗi yakan zauna ya ɗora ganga bisa cinya, ya kaɗa bakunan biyu da hannuwa. Babban bakin ana ce masa enu, kalmar da take nufin baki a Yarabanci, ƙaramin kuma chacha. Mai koyo yana farawa da okonkolo, wadda take riƙe da ma'aunin kiɗa, daga nan ya wuce itotele wadda take amsa kiran uwa, kafin a bar shi ya taɓa iya. Fernando Ortiz ne ya gabatar da bata ga jama'a a wata lacca a Habana a 1936, domin kafin nan kiɗan na wurin bauta ne.

Abin lura shi ne, Yarabanci ya daina zama harshen yau da kullum a Kuba. Ya saura cikin addu'o'i da waƙoƙin bauta, ana kiransa Lukumi. Bugun ya tsira saboda malamai sun ci gaba da rera shi ga almajirai, amma kalmomin da ke ƙarƙashin kiɗe-kiɗe da yawa ba kowane makaɗi yake iya fassara su ba.

3. Konga da kilabe

A kiɗan rumba na Habana da Matanzas, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam a 2016, konga uku ake kaɗawa, ƙaramar cikinsu, kinto, ita ce take magana da mai rawa. Amma darasin farko shi ne kilabe, wato bugu biyar da ake yi da ƴan sanduna biyu, uku a kashi ɗaya, biyu a ɗayan. Sai ɗalibi ya iya tafa shi yana rera kiɗan ganga a kansa, sa'an nan ake ganin ya shirya.

4. Kotso, taushi da take

A ƙasar Hausa, kotso da taushi ne fitattun gangunan da ake kaɗawa da yatsu, kuma na kiɗan fada ne. Ibrahim Narambaɗa makaɗin kotso ne, Salihu Jankiɗi kuwa na taushi. Kotso tana da tsarkiya kamar kalangu, wadda ake matsawa a ɗaga sauti, a saki ya sauka. Ta haka ganga take bin karin maganar Hausa, wato na sama, na ƙasa da faɗau, ta fitar da taken sarki ko na mai sana'a. Wanda ya san kalmomin take yana jin su cikin kiɗa. Wanda bai san su ba, bugu kawai yake ji. David Ames da Anthony King sun tattara sunayen waɗannan kayan kiɗa da ma'anoninsu a ƙamusunsu na 1971.

5. Abin da ya shafi masu bincike da masu tsara rubutu

Ƙa'idar rubutun Hausa, wadda aka tattauna a Bamako a 1966 aka daidaita a Yamai a 1980, ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali. Wannan bai hana mai karatu fahimta ba, domin jimla takan bambanta masa baba mahaifi da baba na rini. Ganga kuwa ba ta da baƙi ko wasali. Kari da tsawo su ne duk abin da take ɗauke da shi. Saboda haka take da aka rubuta ba alama, an zubar da sashen da ganga take faɗa.

Daga nan abubuwa uku suke fitowa. Na farko, mai ɗaukar kiɗa a na'ura a Damagaram, Maradi ko Tawa ya kamata ya roƙi makaɗi ya faɗi taken da baki, ya rera shi yadda yake koya wa yaransa, kafin ya kaɗa. Na biyu, a rubuta shi layi uku, ɗaya bisa ɗaya: kalmomi da alamun kari da tsawo, gaɓoɓin kiɗan baki, da bugun hannu. Na uku, a bar kalmomin cikin karin harshen yankin, kada a mai da su Daidaitacciyar Hausa, domin canjin lafazi yana iya raba su da kiɗan.

Littattafan yaƙi da jahilci ba su buƙatar waɗannan alamu, amma taskar bincike tana buƙatarsu. Abin da ya faru ga bata a Kuba ya nuna cewa bugu yana iya daɗewa bayan ma'anarsa ta dusashe, don haka aikin tattara kalmomin take ya fi kyau a yi shi tun makaɗan da suka gaje su suna raye.