Kiyaye Namun Daji a Ƙasar Daura: Tsakanin Gandu da Gona

Ƙasar Daura tana can arewa maso gabashin Jihar Katsina, a bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar. Ƙasa ce ta jigawa, mai gajeriyar damina, kuma kusan duk inda fartanya za ta iya shiga an nome shi. Saboda haka maganar kiyaye namun daji a nan ta sha bamban da ta wurare irin su Yankari. Babu wani ƙungurmin daji da za a kewaye, dabbobi da tsuntsayen da suka rage suna zaune ne a gonaki, da bakin fadamu, da kan itatuwan gari.

Abubuwa uku ne suka rage namun daji a wannan yanki. Na farko, yawan jama'a ya ƙaru, gonaki suka cinye saura da burtali. Na biyu, farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1983 da 1984, ya busar da tafkuna, ya kashe itatuwa masu yawa. Na uku, bindiga da guba sun maye gurbin kwari da baka, farautar da a dā take da lokacinta a ƙarƙashin Sarkin Baka ta zama ta kowa da kowa. Yau ganin barewa ko kura a waɗannan wurare ya yi wuya ƙwarai.

Misalin da ya fi kusa shi ne na ungulu. A dā ba a rasa ta a mahauta ranar kasuwa, har Bahaushe ya ce "ungulu ba ki jewar banza". A 2015 ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya, wato IUCN, ta sa ta cikin tsuntsayen da suke dab da ƙarewa. Babban abin da yake hallaka ta a Afirka ta Yamma shi ne cinikin kanta da sassan jikinta don magani da tsibbu. Amfaninta kuwa ba ɓoyayye ba ne, domin tana cinye mushe kafin ya ruɓe. A ƙasar Indiya, da wani maganin shanu ya ƙarar da ungulaye, sai mushe ya yawaita, karnukan da ba su da iyayen gida suka ƙaru, har gwamnati ta hana amfani da maganin a 2006.

Dokoki ba su yi kaɗan ba. Akwai Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963, akwai kuma dokar tarayya ta 1985 da ta hana fataucin dabbobin da suke neman ƙarewa. Inda masana suka saɓa shi ne hanyar aiwatarwa.

Wasu suna ganin sai an keɓe gandu an sa masu tsaro. Hujjarsu ita ce Yankari, wanda aka keɓe a 1956, kuma har yanzu akwai giwaye a cikinsa. Bisa wannan ra'ayi ne gwamnatin tarayya ta amince a 2020 a mai da dajin Kogo na Jihar Katsina gandun daji na ƙasa. Masu suka kuwa suna cewa gandun da aka hana talaka shiga, ba a kuma tsare shi ba, yakan zama maɓoyar ɓarayi, kamar yadda ya faru a dajin Rugu. Daɗin daɗawa, a ƙasa irin ta Daura keɓe fili yana nufin karɓe gonar wani.

Ɗaya ra'ayin kuwa yana dogara ne ga abin da ya faru a ƙetaren iyaka. Tun daga 1983 manoman jihar Maraɗi suka fara barin tohon kututture a gona, suna sassabe shi har ya zama itace. Manoman Magarya da Matamai, maƙwabtan Daura, sun yi haka da gawo. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa sun sake rufe kimanin hekta miliyan biyar a Nijar. Gawo yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya tauye gero da inuwa, yana kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. Inda itace ya dawo, tsuntsu yakan sami wurin sheƙa. Haka nan raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, waɗanda suka rage 49 a 1996, sun haura 600, alhali a cikin gonakin mutane suke kiwo.

Wannan hanya ta biyu ita ce ta fi dacewa da Daura, amma tana da sharaɗi. Manomi ba zai raini itacen da ma'aikacin gandun daji zai ci shi tara in ya sari reshensa ba. Lalle ne doka ta tabbatar masa cewa itacen gonarsa nasa ne. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Katsina take cikin jihohinsa goma sha ɗaya, zai fi yin tasiri in ya bi ta hannun hakimai da dagatai da maharba.

Al'ada ma ta riga ta share fage. Shamuwa tana sheƙa a tsakiyar ƙauye ba mai jifanta, domin zuwanta albishir ne na damina. Ba doka ce ta kare ta ba, mutane ne suka san darajarta. Aikin da ke gaban ɗalibi da ma'aikaci shi ne su sa ungulu da gawo su sami irin wannan alfarma.